Kawu Sallau da Jif ɗin Baba

Kawu Sallau ƙanen Umma ne, kuma babu sana'ar da bai taɓa ya ajiye ba a Fagge. Ya yi ɗinki, ya yanke wa mutane shadda. Ya ja adaidaita sahu, ya kifar da buhunan tumatir. Daga ƙarshe ya zauna gefen wani gareji a Kwaciri yana shan rake yana kallo, shi ke nan ya ce a riƙa kiransa Injiniya.

Da Baba ya rasu, ya bar mana ƙatuwar jif ɗin da yake ɗauko atamfa da ita zuwa kasuwar Kwari. Tun yayata Mahbuba tana ƙarama yake ce mata, "A wannan za a kai ki ɗakinki." Da bikinta ya matso, ba ta roƙi komai ba sai wannan. Matsalar ita ce motar tana zafi, lagireto yana yoyo.

Kawu ya ce haramun ne a kai wa bare aiki yana raye. Umma ta kasa musa wa ɗan'uwanta, ta dai haɗa shi da ni zuwa Sabon Gari. Chinedu mai kayan mota ya ba mu sabon lagireto, da famfon ruwa, da tiyo.

"Oga Sallau, ka ɗaura kawai, ka zuba ruwan lagireto. Kar ka ƙara komai."

"Ni za ka koya wa? Ina kwance inji kana goye a bayan uwarka!"

Ya ɗaura kuwa, da gumi da zage-zage. Sai na ga ya aika a auno garin kwaki. Wasu direbobi kan zuba ɗan kaɗan idan lagireto ya huje a daji, don ya toshe hujin su lallaɓa gari. Shi gwangwani guda ya juye cikin sabo fil.

"Kawu, ai ba ya yoyo."

"Rigakafi ne, 'yar boko. Sai ya huje za ki nemi magani?"

Na faɗa wa Umma, ta ce kar in raina manya.

Ranar kai amarya bayan la'asar, Kawu yana tuƙi, muna shiga cunkoson shataletalen Bata, allurar zafi ta haye ja. Tururi ya turnuƙe, ƙanshin teba ya cika titi. Wani ɗan dako da ya san Kawu ya leƙo ya ce, "Injiniya, ina miyar?" Injin ya yi wata ƙara ya mutu, bai kuma sake tashi ba.

A adaidaita sahu aka ƙarasa da Mahbuba, tana kuka cikin mayafi, mata suna ta yaba kunyarta.

Har yau Kawu yana gaya wa 'yan majalisa cewa garin ne ba na kirki ba, an cuce shi a awo. Mahbuba kuwa tana gaishe shi idan sun haɗu a suna ko gaisuwar mutuwa, amma ko ruwa ba ta taɓa miƙa masa ba.