Gatarin da Bai Koma Wuta Ba

Ranar wata Laraba ce, lokacin cirar gyaɗa, ina aji huɗu a firamaren Kurugu. Na kai wa Baba fura maƙera, na tarar ya zaro ruwan gatari jawur daga wuta, ya tsoma shi a kwatarniyar ruwa, tururi ya turnuƙe rumfar. Daga ƙarfen sifirin ɗin tsohuwar mota ya ƙera shi. Kullum yakan ce, "Ƙarfen da ya sha ruwa ya yi tauri, amma gautsi gare shi. Sai ya koma wuta a hankali, ya yi launin karan dawa."

Bai kai ga mayar da shi wuta ba Alhaji Barau, mai gonakin bakin rafi, ya iso a kan babur don karɓar gatarinsa. Baba ya roƙe shi ya dakata zuwa la'asar. "Kai Sale, surutunka ya fi aikinka," in ji shi, ya sure gatarin ya tafi.

Washegari ɗan ƙodagonsa, Ilu, ya kai wa kututturen kirya sara. Bakin gatarin ya tarwatse, ɓarɓashi ya shige masa idon dama. Idon bai sake gani ba.

Alhaji ya tsaya tsakiyar kasuwa yana shelar cewa Baba ɗan algus ne. Mutanen da suka shekara ashirin suna noma da fartanyarsa, har da waɗanda ke zaune a rumfar ranar, suka yi tsit. A makaranta aka raɗa mini "'yar mai gatarin kasko". Ana tsakar 'yar gala-gala na fasa wa wata baki, aka zane ni, ban yi kuka ba. A gida na ce, "Baba, ka faɗa musu mana!" Ya ce, "Ni na bari ya fita da shi, Hauwa." Wannan amsar ta fi bulalar ƙona mini rai. Daminar da ta biyo baya, zuga-zuginsa sai ya kwana uku bai motsa ba.

Yau ina koyar da ilimin ƙarafa. Ina nuna wa ɗalibai a madubin ƙara girma yadda cikin ƙarfe ke zama tsinke-tsinke in an tsoma shi a ruwa, da yadda ɗumi ke sassauta shi. Suna rubutawa, suna ce mini injiniya. Baba ya rasu ba wanda ya ba shi haƙuri. Ilu yana nan Kurugu, in na je shi ke fara gaishe ni. Har yau ban huce ba.