Tulun da Ke Bayan Gadona

A shekarar da aka ja famfo zuwa cikin birni, hukuma ta kafa doka cewa duba-gari za su riƙa shiga gidaje suna leƙa randuna saboda sauro. Da malamai suka ce namiji ba zai wuce zaure ba, sai aka ɗauki mata aikin. Gidanmu yana gindin Dala, ban kuwa taɓa zaton dokar za ta kai ɗakina ba.

Ina da wani ɗan tulu a bayan gado. Kwana uku kafin mahaifina ya rasu, ya yi mini rubutu a allo, ya wanke ya ce in sha. Shi ya koya mini karatu tun daga babbaƙu har na sauke. Na kasa shanyewa. Sai na juye a tulun, kowace Juma'a in kurɓi kaɗan in ƙara ruwa don kada ya ƙare. Ko Gwaggo, ƙanwarsa da ke riƙona, ba ta sani ba.

Wata mata duba-gari ta zo da hantsi, riƙe da tocila da wani gilashi mai mariƙi. Da ta gama da randunan tsakar gida, sai ta ɗaga labulena.

"Nan ɗakin budurwa ne," in ji Gwaggo. "Ko ƙannen ubanta ba sa shiga."

"Gwaggo, shi sauro ba ya sallama. Ni ma aiko ni aka yi," in ji matar.

Ta durƙusa ta jawo tulun, ta haska ciki. Sannan ta miƙo mini gilashin. "'Yar malam, duba da idonki, kada ki ce na yi miki ƙage."

Na duba. Ƙananan tsutsotsi ne suke ta wutsil-wutsil, gilashin ya mai da su manya har ina ganin kawunansu. Nan na faɗi ko ruwan mene ne, a gaban baƙuwa, maganar da ban taɓa yi da kowa ba.

"Allah ya ji ƙan malam," in ji matar.

"To a tace mana da ƙyalle," in ji Gwaggo.

"Zubarwa aka ce. In na bari, wadda za ta biyo bayana fasawa take yi."

Alfarma ɗaya ta yi mini, ta bar ni na zaɓi wurin. Ban yarda ayoyi su bi kwata ba. Na kai tulun gindin lallen da mahaifina ya dasa, na tsiyaye a hankali, ita kuma ta kau da kai har na gama. Da za ta fita ta yi alama da alli a bangon zaure.

Ban riƙe ta a zuciya ba, don zazzaɓi ya ɗauki yara a unguwarmu a daminar nan. Abin da ke ci mini rai shi ne, da can in na tuna tulun, hannun mahaifina nake gani a kan allo. Tun daga ranar nan kuwa, abin da gilashin ya nuna mini shi yake fara zuwa.