Tunkuzar da Autana Ya Bari

Ranar da autana zai tafi haƙar zinariya a Tchibarakaten, can cikin hamada, ni da hannuna na soya gujiya, na daka masa tunkuza, na cika kwano. Duk unguwarmu babu mai daka ta kamar ni.

Sai na gan shi yana fitar da kwanon daga jakarsa, yana cusa tumatirin gwangwani a wurin.

Na ce, "Kai, wannan ja kawai yake sa wa tukunya, ba ya riƙe ciki. Cokali guda na tunkuza yana kai namiji har la'asar."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, can makaroni ake ci, kowa da gwangwanin da yake kawowa. Ajiye mini, in na dawo ni kaɗai zan cinye."

Na ajiye. Ana nan sai ramin da yake aiki a ciki ya rufta da shi, can suka binne shi. Abokansa suka kawo mini jakar, da sauran gwangwani a ciki.

Tunkuzar ta daɗe da lalacewa, jikokina suna cewa in zubar. Ni dai cewa ya yi in ajiye masa.