Amyoyin Tudorel da Shafinsa

Maƙwabcina Tudorel ya haura arba'in bai taɓa daɗewa a wani aiki ba. Da mahaifinsa ya rasu ya bar masa amyoyin zuma, sai ya sayo farar rigar masu kiwon, ya sha hotuna, ya buɗe shafin intanet. Har ya rubuta wai ƙudajen sun san muryarsa.

Wata mata ta karanta, ta kwaso yaranta tun daga garin Sibiu, ta ce, "Maigida, buɗe mana amya ɗaya mu gani."

Ya ɗaga murfin. Ba ƙuda ko ɗaya. Ashe sun daɗe da ƙaura, gogan yana can yana sauya wa shafi launi.

Yanzu a mashaya yake wuni, yana cewa intanet ce ta cuce shi.