Fatar Ragon Layya

Ni 'yar majemi ce, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don haka ba. A unguwar New Bell ta Duwala aka haife ni, a gidan da ko makaho ya shigo layinmu zai gane shi da hanci. Mahaifina ba ya yarda a ce fata a yi shiru. Ɗanya daban, ƙirgi daban, buzun salla daban. A Duwala kuwa, inda ruwa ba ya barin rana ta yi aikinta, fata ba ta jiran gobe. Ana feɗe rago, kafin la'asar fatar ta sha gishiri, a rataye ta saman murhu hayaƙi ya bi ta. Bagaruwar jima a jirgin ƙasa ake kawo masa daga arewa, ni ke dakawa.

Buzun da mahaifina ya jeme min lokacin aurena, a kansa na yi salla har na tsufa. Bara laima ta cinye shi, in na ɗago daga sujada gashin ya biyo goshina. Majema kuwa duk sun kwanta dama. Sai na ce to, ai hannuna bai manta ba, zan jeme wani da kaina. Na ce wa ɗana, mai aikin ofis a unguwar Bassa, fatar ragon layyar bana tawa ce.

Ya ce, "Inna, ga darduma har uku a ɗakinki."

"Darduma ta san gwiwata? A shafa mata gishiri, ka ji ko?"

"Na ji, Sarkin Majema," yana dariya.

Ranar salla gida ya cika da baƙi, ƙafata kuma ta kumbura, ban leƙa tsakar gida ba. Shi kuwa ya sha'afa da gishirin. Amma don kada ƙuda ya taɓa min ita, sai ya naɗe ta da ɗuminta, ya sa a leda, ya ƙulle tamau. A rana ta uku ya miƙo min da hannu biyu, yana jiran albarka.

Na kwance. Na ja gashin da yatsu biyu, ya taho kamar jiƙaƙƙiyar auduga.

Ban yi masa faɗa ba. Wa ya nuna masa? Ni da kaina na hana shi taɓa fata yana ƙarami, don hannunsa ya dace da biro.

Ya ce, "Baɗi sai a sake, Inna."

Na dubi yatsuna, carbi ma yanzu da ƙyar suke ja. Na ce a kai ta bola kafin maƙwabta su yi magana.