Takardar Baba Ta Ce Ranar Husufi Aka Haife Ni

Jiya ina kakkaɓe littattafan marigayi Baba, sai wata tsohuwar takarda ta faɗo. Da ajami ya rubuta: "Talata, tsakiyar damina, rana ta yi husufi da azahar a Dayi. A ranar aka haifi Talatu."

Talatun nan ni ce.

To, ni fa ina tuna husufin nan na farkon shekarun sittin. Kaji sun shige akurki, maza sun yar da fartanya sun nufi masallaci, ni kuma ina riƙe da zanen Gwaggo ina kuka. Jikokina har sun haddace labarin.

Na tafi Malumfashi wurin Gwaggo, ƙanwar Baba.

Na ce, "Gwaggo, ba ni ce na riƙe miki zane ran nan ba?"

Ta dube ni ta ce, "Ke da ko cibiya ba a yanke miki ba? Yayarki Hanne ce. Da ta rasu, mahaifiyarku ta kasa ambaton sunanta, sai ta riƙa ba da labarin da naki."

Wallahi har yanzu ina jin zanen nan a tafin hannuna.

Jama'a, ku taya ni. Tsoron wa nake ɗauke da shi shekara sittin?