Rabin Fuskar Kaka

A cikin ranakun aikina duka, wadda ban taɓa iya mantawa da ita ba ita ce ranar da Madam Saratu ta shigo shagonmu da kwamfuta a ka, naɗe cikin zane. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan, domin jiya na ji ɗayanku yana tambayar dalilin da ya sa ba a share layin firinta a nan sai an kwafe shi tukuna.

Wajen ƙarshen 2014 ne, lokacin da garuruwan arewacin jihar nan suka watse saboda hare-hare, mutane suka cika Yola da Jimeta. Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Shagon ɗaki ɗaya ne kusa da babbar kasuwa, mu biyu kawai: Hamma Sa'idu mai shagon, wanda shi ne babban mai gyara, sai ni mataimakinsa. Digiri yake kirana, wai ko noti zan kwance sai na tsaya nazari. Ran nan ya tafi aiki wata makaranta, ni kaɗai ne a shago.

Madam Saratu tana da shagon buga takardu a garinsu kafin a gudu. Ta sauka wurin ƙanwarta a Dubeli. Kwamfutar kuwa ƙanen mijinta ne ya koma daga baya ya tsinto ta a ƙarƙashin tebur.

"Ɗana, abu biyu ya kawo ni," in ji ta, da irin Hausar mutanen can. "In na danna firin, ba ya fita. Na biyu, ka duba mini ko hoton Mama yana ciki. Mama ya ɓata a hanya."

Mahaifiyarta ce, kowa Kaka yake ce mata. Ta tsufa ƙwarai, mantuwa ta kama ta, kuma ba ta jin Hausa sai yaren garinsu. A hanya Madam ta ɗora ta a wata babbar mota, kafin ita ta hau motar ta tashi. Duk sansanin da ta je nema, tambayar ɗaya ce: kina da hotonta? Wayarta ta faɗa ruwa wajen ƙetare kogi, gidansu kuma an ƙone.

Na fara da hoton. Na bincika ko'ina, babu. Ashe ba ta ajiye hoto a kwamfuta. Daga wayar mutum take buɗewa ta buga, ta zare waya, shi ke nan, don tsoron cutar kwamfuta. Da na gaya mata, sai ta gyaɗa kai kawai, ta ce to in gyara firintar ko ta samu abin yi.

Ga waɗanda ba sana'arsu ba: in ka tura takarda, ba kai tsaye take zuwa firinta ba. Akwai wani ɓangaren manhaja da muke kira sufula, shi ke karɓar aikin, ya ajiye shi a wata folda, ya riƙa miƙa wa firinta kaɗan-kaɗan. In an gama ya goge. A kwamfutar Madam, sufulan ne ke mutuwa. Na tayar da shi, ya sake faɗuwa. Na zaci direba ne bai dace ba, wato manhajar da ke haɗa kwamfutar da wata firintar aro da ta samu, na cire shi, duk da haka ya faɗi. Saura abu ɗaya: wataƙila wani tsohon aiki da ya lalace ya maƙale a layi, duk lokacin da sufula ya tashi ya ɗauke shi sai ya kife. Maganin sananne ne, a tsayar da sufula, a share foldar.

Na buɗe foldar. Fayil biyu ne, ɗaya ƙarami, ɗaya kuwa ya fi ƙarfin takardar rubutu nesa. Na duba kwanan watan da ke jikinsu, na ga ya zo daidai da lokacin gudun.

"Madam, ranar da kuka gudu, me kike bugawa?"

Sai ta dafe tebur. "Zumuntar mata za su karrama tsofaffi a coci. Suka ce a kawo babban hoto. Na haɗa waya, na danna, sai harbi, sai wuta ya ɗauke." Ta dube ni. "Hoton Mama ne."

Abin da ke kashe mata firinta, mai yiwuwa shi ne kaɗai hoton Kaka da ya rage a duniya. Na ce mata ban yi alkawari ba, amma akwai alamar za a iya ciro shi. Ban yarda in kwafe shi a filas ɗin shago ba, domin duk sun shiga kwamfutocin mutane. Na tsallaka titi sayen sabo. Ita kuma ta fita neman mai waya ta sanar da ƙanwarta.

Ina dawowa, tun daga bakin ƙofa na ji ƙarar firinta.

Hamma Sa'idu ne ya dawo. Al'adar shagonmu ita ce duk wanda ya tarar da na'ura a tebur da ciwon da ya sani, ya yi mata magani, ba sai ya jira ba. Yana da wani ɗan umarni da ya rubuta da kansa, yana kiransa Tsintsiya: dannawa ɗaya, ya tsayar da sufula, ya share folda, ya tayar. Abin da Tsintsiya ta share ba ya zuwa kwandon sharar kwamfuta, inda ake iya dawo da shi. Har ya mayar da direba, ya haɗa ta da firintar shago, ya tura shafin gwaji.

"Digiri!" Yana dariya. "Tun safe kana nazari ko? Ga shi, ko zama ban yi ba."

Na wuce shi na fizge wayar wuta daga bango.

"Kai! Lafiyarka?"

Na gaya masa a tsaitsaye. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya ce innalillahi, ya zauna a kan kwalin da ke kusa, hular a hannu. Daidai nan Madam ta shigo, ta ga takarda a bakin firinta, ta saki ihun murna ta ɗauka. Ta juya ta gaba da baya. Layuka ne kawai da ƴan akwatuna masu launi.

Ina neman yadda zan fara, Hamma ya riga ni. "Adda, ni ne. Ban tambaya ba, na share."

"Ka share Mama?"

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta zauna a ƙasa riƙe da takardar.

Hamma ya miƙe ya ce kada kowa ya sake kunna kwamfutar. Fayil in an goge shi, sunansa ne ke fita, jikinsa yana nan a diski, ma'ajiyar kwamfutar, har sai an rubuta wani abu a kansa. Abin tsoron shi ne direban da ya mayar da shafin gwajin, su ma wuri suka ci. Ya kwance diskin, muka haɗa shi da tamu kwamfutar, muka ja ƙofar shago. Masu kawo gyara suna ƙwanƙwasawa, ba mu amsa ba. Manhajar tono fayil ɗin da aka goge tana tafiya a hankali, mu uku muna kallon allo. Bayan la'asar babban fayil ɗin ya bayyana. Na kwafe shi wuri uku kafin in yarda a buɗe.

Hoton ya fara sauka daga sama. Ɗankwalin zumunta. Goshi. Idanu, da wani tabo a kan girar hagu. Hanci. Daga nan zuwa ƙasa sai launin toka.

Har yau ba zan iya cewa ga abin da ya cinye rabin ba. Wataƙila tun ranar da wuta ta ɗauke aikin bai gama rubutuwa ba, wataƙila kuma shafin gwajin ne. Hamma ya tambaye ni ya fi a ƙirga, amsata ba ta canja ba.

Madam ta sa yatsa a kan allon. "Shi ne. Idon Mama ne."

Muka buga shi da yawa, da lambar ƙanwarta a ƙasa. Hamma da kansa ya ɗauki keke ya bi tashoshi, masallatai da coci-coci yana mannawa. Bayan ƴan makonni wani mai keke ya kira. Ya ce akwai wata tsohuwa mai irin tabon nan a gidan maƙwabcinsa a Yolde Kohi, sun tsince ta a tasha, ba sa jin yarenta, Dada suke kiranta. Ba zan ce hoton kaɗai ya samo ta ba, domin mutanen gidan ma suna ta cigiya, ƙila da an haɗu ko ba shi. Amma ta hanyarsa aka haɗu.

Madam ta kawo Kaka shago don ta gode. Hamma ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙa mata takardar hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta faɗi wata magana da yarensu, Madam ta fashe da dariya har da hawaye.

"Me ta ce, Adda?"

"Ya ce matar nan ya san shi, amma wa ya cire masa baki?"

Hamma ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaya mata ni ne, ta yafe mini."

A makon nan ya sake rubuta Tsintsiya. Yanzu ba ta sharewa, kwashewa take yi zuwa wata folda, ita kuke amfani da ita har yau. A sana'armu, abin da muke kira datti sau da yawa datti ne, ban musa ba. Amma mu na'urar muke gani, mai ita ne ya san abin da ya bari a ciki. Kafin ku danna komai, ku juya ku tambayi wanda ya kawo ta: me kake bugawa ranar da ta tsaya?